Wuƙar Kankana a Cinyar Ɗan Dakonmu

Laifina ɗaya ne a wannan magana, kuma da farko ƙarami ne: bakina ya yi tsawo. Na faɗa wa mutanen kasuwar kayan marmari ta Zuba cewa yayata likita ce. Da na tsaya a nan da sauƙi. Amma da na ga sun saki baki suna saurare, sai na ƙara da cewa tana yin tiyata, tana farke cikin mutum ta wanke hanjinsa kamar na ragon layya, ta mayar ta ɗinke, ya tashi ya nemi tuwo. Wani mai abarba ya tambaye ni ko tana iya mayar da ƙafar da ta guntule. Na ce masa in dai an kawo ƙafar da sauran ɗuminta.

Yayata ba likita ba ce, kuma ta fi kowa faɗar haka. Ba nas ba ce kuma, in kana son ganin ɓacin ranta ka kira ta da wannan sunan. Makarantar koyon aikin lafiya ta yi, ta fito ma'aikaciyar lafiyar al'umma, ta yi wasu shekaru tana awon masu ciki da rigakafin yara. Daga nan ta koma karatu don ta zama jami'a, wato irin waɗanda ake damƙa wa ƙaramin asibiti su riƙe a inda babu likita. Suna duba mara lafiya, su rubuta magani, su karɓi haihuwa, su ɗinke ƙaramin rauni. Amma an shata musu iyaka. Abin da ya wuce iyakar, aikinsu su tsayar da jini, su riƙe ran mutum, su tura shi gaba. Yanzu tana da lasisinta, Mama ta sa an yi masa gilashi an rataye a falo. A lokacin da nake ba da labari kuwa ba ta gama ba. An tura ta wani ƙaramin asibiti a cikin Tungan Maje tana aikin koyo a ƙarƙashin wata babbar jami'a, jarrabawar ƙarshe tana gabanta.

Ni dai ina ganin ina da haƙƙin yin alfahari da karatun nan, don rabinsa a jikina aka yi shi. Ta auna jinina har hannuna ya koyi kumbura da kansa in ya hango ta. Ta taɓa naɗe ni da bandeji daga kai har ƙafa, Mama ta shigo ɗakin ta saki salati ta zaci gawa aka kawo mata. Ni nake sato mata lemu daga rumfar Baba tana koyon allura a kansu, da ayaba tana tsaga ɓawon tana ɗinkewa. Akwai lemon da ya sha allura har na tabbata ba zai ƙara yin zazzaɓi ba.

Babanmu mutumin Katsina ne, ya daɗe yana sayar da lemu da kankana a Zuba, kuma duk hutun makaranta can yake tafiya da ni wai in koyi kasuwa. Abin da na koya shi ne surutu. Cikin masu saurarona babu wanda ya kai ɗan dakon rumfarmu yarda da ni. Ƙato ne, baƙi, mai sanyin hali, yana ɗaukar buhun lemu a ka kamar hula. Ɗan Alhaji yake kirana. Duk ranar da na ƙara wa labarin Yaya gishiri sai ya girgiza kai ya ce, "Allah mai iko. Mace guda!"

Ranar da abin ya faru ana tsakiyar zafi, lokacin da mangwaro da kankana suke cika kasuwa har ƙudaje su ƙoshi su kasa tashi. Baba ya tafi Suleja ya bar ni da rumfa. Da hantsi manyan motoci biyu suka iso kusan tare, ɗaya da kankana, ɗaya da abarba, wurin sauke kaya kuma ɗaya ne. Direban motar abarba ya yi baya da sauri don ya riga shiga, ya bi ta kan tulin kankanar da aka riga aka sauke. Suka riƙa fashewa ɗaya bayan ɗaya, ja ya malale ƙasa.

Aka fara da zagi. Aka zagi uwa, aka zagi uba, aka tono kakannin da su kansu masu zagin ba su san sunansu ba. Sai wani ya ɗauki abarba ya jefa. Ban san ko an taɓa jifanka da abarba ba. Tana da nauyin dutse, ga ƙaya, kuma in ta same ka sai ƙudan zuma su biyo ka. Nan take sama ta cika da kaya. Ni ma na laɓe bayan teburin Baba na shiga yaƙin da ruɓaɓɓen lemu, na yi jifa wajen goma, duk na sami mutanen ɓangarenmu.

Ina cikin dariya na ga an daina jifa da kayan marmari. Wani ya ɓalle katakon rumfa, wani ya fito da ƙarfen jak daga ƙarƙashin kujerar mota. Na ji ƙarar katako a kan mutum, ƙara ce da ba ta kama da komai, ban kuma so in sake jin ta. Wani yaron mota ya wuce ta gabana da gudu, kunnensa yana reto, yana riƙe da shi da yatsu biyu. Mata masu talla suka watsar da farantai. Ɗan dakonmu bai shiga faɗan ba, buhunan Baba yake ja baya don kada a tattake su. Wani saurayi daga motar abarba ya ci karo da shi, ya zaci tare shi zai yi. Ya fizgi doguwar wuƙar da ake yanka kankana daga tiren wani mai talla, ya luma masa a cinya, can sama ta ciki, ya bar ta a nan ya ruga.

Ɗan dako ya tsaya yana kallon ƙotar wuƙar kamar wanda aka ba ajiya. Na ga wandonsa ya jiƙe, na ce a raina ruwan kankana ne. Sannan ya zauna a ƙasa a hankali.

Faɗan ya mutu nan take, 'yan motar abarba suka ɓace. Wanda ya fara isowa shi ne direban a-kori-kurar da ke yi wa Baba jigila, wani dattijo mai ƙaton ciki da furfura a gemu. A hannunsa akwai kwalbar man birki. Direbobi da makanikai sun yarda da man birki fiye da yadda suka yarda da asibiti. Ƙarfe ya yanke ka, man birki. Ƙusa ta soke ka, man birki. Suna cewa yana tsayar da jini ya kashe dafi, kuma zafin da yake yi shi ne shaidar yana aiki. Ina jin da za a bar direban nan da ko ciwon kai da shi zai yi magani.

"Ku riƙe min shi," in ji shi. "In zare in zuba, shi ke nan."

Ɗan dako ya kare wuƙar da hannu biyu. "A'a, Oga. Ku kai ni wurin yayar ɗan Alhaji. Ita likita ce."

"Ƙwarai kuwa," in ji mai abarbar nan da na yi wa zancen guntulalliyar ƙafa. "Tana Tungan Maje, nan kusa. Ita da ke farke ciki, wannan ai wasa ne a wurinta."

Aka ɗora shi a bayan mota a kan buhuna, aka cusa ni gaba kusa da direba don in nuna hanya. 'Yan dako da 'yan kamasho suka ɗare ko'ina, wasu suka biyo mu a babura, har yanzu da katakai a hannunsu. Ni na ƙirga mutum dubu. Yaya ta ce ba su kai talatin ba.

Da muka iso Tungan Maje direba ya rage gudu ya dube ni. In ya miƙe, titin zai kai mu babban asibiti a Gwagwalada, inda likitocin gaske suke. In ya karya, sai lungun asibitin su Yaya.

"Ɗan Alhaji, ina ne?"

Kalma ɗaya ce, miƙe. Na ji ta a bakina. Amma na waiwaya na ga fuskokin da ke leƙowa ta gilashin baya, mutanen da na yi wata da watanni ina cika wa kunne, sai na ɗaga hannu na nuna lungu.

Lungun duk ramuka ne. Kowane rami muka faɗa sai na ji ɗan dako ya yi ƙara a baya.

Asibitin ɗakuna uku ne da baranda. Mata suna zaune a benci da jarirai, ana awo. Babbar jami'ar ta fita ƙauyuka rigakafi tun safe, an bar Yaya da wata tsohuwa Bagwariya mai shara. Mutanenmu suka kutsa da ɗan dako a hannu suna ihu, "Ina Dokta? Dokta ta fito!"

Yaya ta fito da jaririn wata a hannu. "Babu likita a nan. Me ya faru?" Sai ta ga wuƙar. Ta miƙa wa uwar ɗanta ba tare da ta dube ta ba. "Ku kwantar da shi a gadon can. Kada wanda ya taɓa wuƙar nan."

Ta sa safar hannu, ta tsaga wandon da almakashi, ta duba. Ta taɓa wuyansa, ta taɓa bayan ƙafarsa, ta daɗe a nan tana lalube. Jini yana tsattsafowa ta gefen ƙarfen, ba da yawa ba, amma ba ya tsayawa.

"Wannan ya fi ƙarfin nan," ta ce. "Gwagwalada za a kai shi, yanzu. Ku ba ni wuri in ɗaure in sa masa ruwa, mu tafi."

Direba ya yi dariyar da babu daɗi a cikinta. "Hajiya Dokta, wasa kike? Mun baro titi mun shigo wurinki. Ki zare ki ɗinke mana."

"Ba zan zare ba, Baba."

"Don ɗan dako ne? Da ɗan minista ne da tuni kin zare."

"Takardar 'yan sanda take jira!" wani ya faɗa daga baya. "Haka suke yi, sai mutum ya mutu!"

"Ba ke ce mai farke ciki ba? Ƙaninki ya faɗa mana komai!"

A lokacin Yaya ta lura da ni. Kallo ɗaya ta yi min. Na sha mari a rayuwata, na sha bulalar malamin lissafi, amma da an ba ni zaɓi da na karɓi duka biyun a haɗe maimakon kallon nan.

Ban san wanda ya fara ba. Na dai ji gilashin taga ya tarwatse, matan awo suka kwashi 'ya'yansu suka yi waje suna kururuwa, takalma a warwatse. Wani ya maka katako a kan tebur ya rabe biyu. Sikelin awon jarirai ya tashi sama ya daki silin. Wani ya ture kabad ɗin magani, kwalabe suka farfashe, warin asibiti ya cika ɗakin har ido yana yaji.

Direba ya ciro kwalbarsa daga aljihu. "Matsa, yarinya. In ke ba ki iya ba, mu mun iya."

Yaya ba ta matsa ba. Ta kifa jikinta a kan ƙafar ɗan dako, ta yi wa wuƙar rumfa da hannuwanta. Wani saurayi ya damƙi hijabinta ta baya ya fizga, ta riƙe ƙarfen gado. Ya sake fizga. Da ya ga ta ƙi saki sai ya kai mata gwiwar hannu a baki. Na ji ƙarar haƙori.

In ina ba abokaina labari nakan ce na kayar da mutum bakwai. Gaskiya ɗaya na hau, na ɗare bayansa na cije shi a kafaɗa, ɗanɗanonsa gishiri da ruɓaɓɓen mangwaro. Ya girgiza ni sau ɗaya kamar ɗan akuya, na tafi na daki bango na zauna cikin fasassun kwalabe. Daga nan ƙasa na buɗe bakin da ya jawo komai.

"Ba likita ba ce! Wallahi ba likita ba ce! Ɗaliba ce, ko lasisi ba ta karɓa ba! Ni na ƙirƙira, ba ta taɓa farke cikin kowa ba sai ayaba!"

Na zaci gaskiya za ta kwantar da su. Sai ta juyo da su kaina. Mari ya sauko ta dama, ya sauko ta hagu, wani ya sa min ƙafa a haƙarƙari har numfashina ya tsaya. Tsohuwa mai shara ce ta cece ni. Ta shigo da sandar mofa tana kaɗawa ta ko'ina, tana ihu da irin Hausarta, "Kai! Ka bar yaro! Wanda ya taɓa yarinya kuma, ni zai fasa kansa! Ba ka da uwa a gida?" Ta sami wani ƙato a tsakiyar baya, ya gantsare kamar wanda kunama ta harba.

Da na ɗago ido ɗaya, don ɗayan ya riga ya rufe, sai na ga an janye Yaya gefe, mutum biyu suna riƙe da ita. Direba yana tsaye a kan ɗan dako, hannunsa na dama a kan ƙotar wuƙar, na hagu da kwalba. Ɗan dako ya daina ƙara, leɓɓansa sun yi fari, idanunsa suna lumshewa.

Yaya ta tofar da jini. Ba ta ɗaga murya ba, kuma ina jin shi ya sa aka ji ta.

"Baba, dubi inda ta shiga. Nan babbar jijiyar jini take bi. Na taɓa ƙafarsa ban ji bugu ba, ina jin ta yanke ta, kuma wuƙar ce ta toshe ramin. In ka zare, kafin ka buɗe murfin kwalbar nan jininsa ya ƙare. Ba ni da jinin da zan ƙara masa. Ba ni da abin kama jijiya. Ko da akwai, ban iya ba, ba a koya min ba, ba aikina ba ne." Ta sake tofarwa. "Wanda ya soke shi ya gudu. Kai ne a nan, hannunka a kai, ga mutane suna kallo."

Wani maganin tari yana ɗiga daga kabad. Direba ya dubi hannunsa, ya dubi mutanen da ke bakin ƙofa, biyu daga cikinsu sun ɗaga waya suna ɗauka. Ya saki ƙotar a hankali, yatsa bayan yatsa, ya ja baya ya ce, "Innalillahi. To yi abin da kika iya, 'yata."

Suka sake ta. Da leɓe a fashe ta shiga aiki, tana ba da umarni kamar ba su ne suka gama dukanta ba. Ta tsinto naɗin bandeji daga ƙasa waɗanda ba su fita daga ledarsu ba, ta jera su gefe da gefen wuƙar ta ɗaure tam don kada ta motsa. Ta haɗa ƙafafunsa biyu ta ɗaure. Ta nemi jijiya a hannunsa, ta rasa, ta sake nema ta samu, ta sa masa ruwa. Ledar ruwan ta miƙa wa saurayin da ya fasa mata baki.

"Ɗaga sama. In ka sauke hannunka, kai ka sani."

Ya ɗaga, kansa a sunkuye. Ta juyo gare ni.

"Kai kuma mai baki, zo nan. Riƙe bandejin nan da hannu biyu. In wuƙar nan ta karkata ko kaɗan, ni da kai ne."

Aka ciro ƙofar ɗakin da suka ɓalle aka ɗauke shi a kanta zuwa mota. Ni da Yaya da mai riƙe da ruwa muka hau baya. Direban da bai taɓa ganin rami ya kauce ba, ranar ya bi lungun nan kamar yana ɗauke da ƙwai. Da muka hau titi 'yan babura suka wuce gaba suna kora motoci da katakansu, karo na farko da katakan suka yi amfani. Ina durƙushe, gilashi a gwiwata, jinin ɗan dako yana bin yatsuna da ɗumi yana bushewa a rana. Yaya tana ta kiransa, tana tambayarsa garinsu, sunan mahaifiyarsa, me ya ci da safe, don kada ya yi barci. Can ya buɗe ido ya dube ni.

"Ɗan Alhaji... ashe ba likita ba ce?"

"Ba ita ba ce."

"To," in ji shi, ya sake lumshewa. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

A babban asibiti aka karɓe shi da gudu. Yaya ta bi gadon tana faɗa wa likitan abin da ta gani da abin da ta yi, a taƙaice, ta tsaya a bakin ƙofar da ba a yarda ta wuce ba. Wata nas ta dubi bakinta ta ja ta gefe aka yi mata ɗinki. Ni aka tsince min gilashi daga gwiwa da wani ɗan ƙarfe, na yi ihun da ya fi na kowa a asibitin, har wani mai karyayyar ƙafa ya ce don Allah a yi min a hankali. Baba ya iso da la'asar. Bai dake ni a nan ba, ya bari sai da muka je gida.

A ɗakin tiyata aka zare wuƙar. Ta yanke jijiyar kamar yadda Yaya ta zata, aka ɗinke, aka ƙara masa jini. Daga baya na tambaye ta ko lokacin da muka ɓata a lungu da cikin rigima ya ƙara masa lahani. Ta ce ba ta sani ba, kuma ba za ta faɗa min abin da ba ta sani ba don in ji daɗi.

Ɗan dakonmu ya rayu. Ƙafar ba ta koma daidai ba, yana jan ta in yana tafiya, kuma ba ta ɗaukar nauyi. Ya gwada dako bayan an sallame shi, ya kasa. Da damina ta faɗi ya koma garinsu.